Sunan Uba Bayan Rabuwar Aure

(Jawabin baƙuwarmu lauya a taron cikar ƙungiya shekara goma)

Allah ya sa wa jarinku albarka.

An ce in zaɓi magana ɗaya da ke kai mata gaban alƙali bayan aure ya mutu. Na zaɓi maganar sunan yaro, don ita ce ake rainawa, sai bayan shekaru goma sha ta dawo ta kama yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A wurinmu, sunan da ke bin sunan yaro na ubansa ne. Amina Musa, Musa ne ya haife ta. Saki bai goge wannan. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa kiran 'ya'ya da sunan iyayensu maza. To idan kin sake aure, kin tafi da yaro agolanci, ba ki da ikon sa masa sunan sabon mijinki a makaranta, ko da shi ke ciyarwa, ko da uban shekara biyar bai aiko da ko sabulu ba. Na san wannan akwai ciwo. Amma in uban ya kai ƙara, kotu za ta mayar da sunansa. Kuma sunan aro ba ya ba yaro gado a gidan mijin uwa, ba ya hana shi gadon ubansa, ba ya sa mijin uwa ya zama waliyyin yarinya ranar ɗaurin aurenta.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda maza ke so a manta. Suna daban, riƙo daban. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon yaro, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo yakan koma wurin kakarsa ta wajen uwa tukuna, ba wurin uba kai tsaye ba. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uba. Don haka in ya ce miki ai sunansa yaro ke amsawa, ki miƙo shi, wannan ba hujja ba ce. Ga 'yan uwanmu Kirista da aka yi wa auren rajista, dokar aure ta 1970 ta ce maslahar yaro kotu ke fara dubawa.

To uba fa, yana iya canza sunan? Shi ne waliyyi, shi ya raɗa suna ranar bakwai, yana da ta cewa. Wani zai ƙara sunan kaka, wani sunan garinsu, wani kuma saboda fushi ya cire sunan farko don na mahaifiyarki ne aka sa wa yarinya. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya shiga makaranta a ɓoye ya sa a goge wancan a rubuta wannan, takardu su saɓa. In kin ga canjin zai cutar da yaro, ki kai maganar kotu, ki ɗaukaka ƙara in ba ki gamsu ba. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa waliccin yara cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurara.

Cutarwar da nake faɗa ba ta tatsuniya ba ce. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Yarinya ta gama sakandare, sakamakon WAEC da suna ɗaya, NIN da wani, takardar haihuwa da na uku. Daga nan sai takardar rantsuwa a kotu, sai sanarwa a jarida, sai sintiri ofishin NIMC, kuɗin da za ki zuba a sana'a ya tafi a mota. Haka in uba ma'aikaci ya rasu, aka zo biyan haƙƙinsa, aka ga sunan ɗansa bai dace da wanda ke fayil ba.

Ku karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yaro na goye, ba katin asibiti kaɗai ba. Sunan da ke cikinta shi za a rubuta a makarantar boko da Islamiyya, harafi da harafi, don Aisha da A'ishatu sunaye biyu ne a wurin kwamfuta. In kina barin gidan miji, ki ɗauki hoton takardun yaranki a waya kafin ki ɗauki tukunya. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta je ofishin FIDA na lauyoyi mata, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Ina nan har bayan sallar la'asar. Duk mai takardun da suka saɓa ta same ni wajen teburin ma'aji mu duba tare.