Ruwan da ke ƙofar gidanmu



A watan Agusta na 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku da arzikin ruwa, ta damƙa wa Adegboyega Oyetola. Daga cikin manufofinta akwai tsara amfani da gaɓar tekun Najeriya mai tsawon kilomita 853: inda jirage za su tsaya, inda za a kama kifi, inda za a hana gini. Wannan abin a yaba ne.

To amma mu a Gaya da Ajingi, tekunmu shi ne kogin da ya baro Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ruwan nan ya sauya hali. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa a can ƙasa. Idan damina ta yi nauyi, sai manomi ya wayi gari shinkafarsa ta nutse, yana tsaye ruwa iya gwiwa, yana hangen kan zangarniya. Masunci kuma ya ja koma tun asuba, ya fito da abin da bai cika kwando ba. Ga makiyayi yana neman mashaya, ga masu ɗiban yashi suna cin gaɓa da tifa.

Duk waɗannan gaɓa ɗaya suke rabawa, kuma rabo ba tsari shi ke haifar da rigima.

Muna roƙon Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta zauna da sarakunan ruwa da hakimai, a shata wa kowa iyakarsa kafin damina ta faɗi.