Jawabi a Kan Wazirin Kano Ahmadu Mai Shahada



A ranar da sarauta ta cika shekara ɗari, ya dace a tuna da waɗanda suka biya hakkin rawani da rayukansu. Daga cikinsu akwai Wazirin Kano Ahmadu, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi.

Ahmadu ya goge da yaƙi a lokacin basasar Kano wadda ta ɓarke a 1893, inda ya tsaya a ɓangaren Yusufawa. Da ɗan'uwansa Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, sai ya naɗa shi Waziri.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan ya ci Kano, Sarki da manyan hakimansa suna can wajen Sakkwato. A kan hanyar komawa aka wayi gari Sarki ya bar rundunar. Wambai Abbas ya zaɓi sulhu, ya koma gida da jama'arsa, daga baya ya zama Sarki. Waziri kuwa ya ɗaura ɗamara. A ƙarshen wannan watan, kusa da Kwatarkwashi, ya ja mahayansa suka yi ta kai hari kan sojojin Ingila masu bindigogi har ya faɗi. Tun daga nan Kanawa suke kiransa Mai Shahada.

Shekarun nan ne Faransawa suke kafa mulkinsu a Adar, sarakunanta ma suka fuskanci irin wannan zaɓi mai nauyi. Duk wanda ya gaji rawani ya san cewa ranar tsanani shi jama'a suke duba.

Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin Sarki. Amin.