CIWON ZUCIYA BA YA JIRAN GARI YA WAYE

Iyaye mata, yau maganarmu ta manyan gida ce: maigida, tsohuwa, da ku kanku.

Ita zuciya tana da jijiyoyin da ke kai mata jini. Idan gudan jini ya toshe ɗaya, naman wurin sai ya fara mutuwa. Ana buɗe jijiyar ta hanya biyu: allurar narkar da gudan jinin, ko a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya a buɗe wurin. An fara aikin bututun nan a ƙasar Suwizalan a 1977.

To, me ya sa wasu ba su samun wannan magani?

1. Jinkiri. Allurar ta fi amfani cikin awa 3 na farko. Bayan awa 12 yawanci ba a yin ta, don naman ya riga ya lalace.

2. Rashin gane ciwon. Wani zai ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon ya tafi hannun hagu ko muƙamuƙi. Amma mata, tsofaffi da masu ciwon sukari, sau da yawa haki ne kawai, da gumi, da tashin zuciya. Sai a ce gyambon ciki ne, a aika yaro kemis.

3. Haɗarin zubar jini. Wanda bai daɗe da tiyata ba, ko mai sabuwar shanyewar ɓarin jiki, ko mai gyambon da ke jini, ko mai ɗanyen jego, allurar na iya yi masa illa. Ku faɗa wa likita gaskiya.

4. Irin toshewar. Gwajin zuciya da na'ura shi ke nunawa. In jijiyar ba ta toshe duka ba, ba a yin allurar, wasu magunguna ake bayarwa.

5. Nisa da tsada. Aikin bututu sai manyan asibitoci ƙalilan.

Saboda haka, in ciwon ƙirji ya wuce minti 15, kada ku ce bari a ga safiya. Kada a tsaya jiƙo ko shafe-shafe. A zaunar da shi, a nemo mota, a nufi babban asibiti, ko da tsakar dare ne. A tafi da magungunan da yake sha.

Ku riƙa gwada hawan jini, ku rage gishiri a miya, ku roƙi maigida ya bar taba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana lafiya.