Kafin Mu Miƙa Hannu, Mu Shirya Takarda

 

An ce in yi magana kan yadda ƙungiya irin tamu za ta nemi tallafi wajen kamfanonin ruwa da wuta. Zan fara da abin kunyar da ya same mu, don na baya su huta.

Shekarar da na shiga jami'a a Maradi, mun rubuta wasiƙa zuwa wani biro. Damuwarmu gaskiya ce. Kowa ya san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro, kuma da zafin Afirilu ƙannenmu mata suna layin famfo har lokacin Islamiyya ya wuce. Amma me muka rubuta? "A taimaka wa matasa." Shi ke nan! Babu adadin kuɗi, babu sunan unguwa, babu kashe. Ni na kai ta da hannuna. Wata huɗu muna jira, muna cewa ai ba mu da kowa a sama. Sai wani dattijo, tsohon ma'aikaci, ya karanta kwafin ya ce mini: "Ɗana, ko ni ne darakta, me zan sa wa hannu a nan?" Wallahi na rasa amsa.

To, ga abin da muka koya.

Na farko, mu san ƙofar da muke bugawa. SPEN ce ke da manyan bututu da tankunan ruwa na birane, ita ke gina su. Nigérienne des Eaux, wadda ta gaji SEEN a farkon 2024, ita ke raba ruwan tana karɓar kuɗin faktir. NIGELEC, tun 1968, wuta ce aikinta, ANPER kuma an kafa ta don kai wuta karkara. Wanda ya kai kukan ruwa gidan wuta, kada ya ga laifin kowa.

Na biyu, takardun ƙungiya. Doka mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 ita ce tushen tsarin ƙungiyoyi a Nijar. Takardar amincewar hukuma, dokokinmu na cikin gida da sunayen shugabanni su kasance cikin dosiye. Kuma asusu ya zama da sunan ƙungiya, ba aljihun ma'aji ba.

Na uku, abu ɗaya za mu nema, mu faɗe shi da lissafi. Famfo ɗaya, a wuri kaza, gidaje nawa za su sha, mita nawa ne daga babban bututu. Mu sa mai sana'ar ya yi mana kiyasin kuɗi a rubuce, jika nawa, har dala. Wasiƙar da Faransanci za ta tafi, amma mu fara tattauna ta da Hausa a taro, don duk wanda bai yi lakwal ba ya san abin da aka rubuta da sunansa.

Na huɗu, mu nuna namu kason. Ba mu da miliyoyi, amma muna da ƙarfin haƙa rami, muna da karo-karon ranar Juma'a. Kuma mu faɗi wanda zai kula da famfon da biyan faktir bayan an gama biki. Nan ne ayyuka da yawa suke mutuwa.

Na biyar, kada mu tsallake mai unguwa da ma'aikatar magajin gari. Kowace komin tana da kundin tsarin raya ƙasa, wato PDC. In buƙatarmu ta dace da shi, maganarmu ta yi nauyi. In mun ajiye dosiye, mu karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata, mu koma bibiya cikin ladabi.

Abu na ƙarshe ya fi duka: amana. Kuɗin nan daga faktir ɗin iyayenmu suke fitowa. Kowace dala da rasit ɗinta, a karanta rahoto a gaban kowa. In muka ci amana sau ɗaya, ba kanmu kaɗai muka rufe wa ƙofa ba, har da ƙannen da ke zaune a bayan zauren nan.

Sabon dosiyenmu yana hannun sakatare. Saura ƙidayar gidaje, kuma muna neman mutum goma, maza da mata, ranar Asabar bayan La'asar.

Allah Ya sa mu cika alkawari, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.