Wane ne Gwarzon Zamanin Saban?



Batun da aka ɗora mana a daren nan daga nesa ya fito, wato ƙasar Amurka, kuma wasan da ya shafa ya sha bamban da tamaular da muke bugawa a filayenmu. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake jefa ta, a cafe, a rungume, a ruga da ita, abokan karawa kuwa su yi ta neman kayar da mai ita kafin ya kai ta ƙarshen fili. Da yadi ake auna tafiyar, kamar mai yankar alawayyo a kanti. Jami'o'in ƙasar suna da gasarsu, kuma filin Jami'ar Alabama kaɗai yana ɗaukar mutum wajen dubu ɗari.

A wannan jami'a ne Nick Saban ya horar da 'yan wasa daga shekarar 2007 har ya yi murabus a watan Janairu na 2024, ya ɗauki kofin ƙasa sau shida: 2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja a kan wanda ya fi kowa cikin ɗaliban da suka bi ta hannunsa.

Yawancin masu gardama da kyautar Heisman suke farawa, wadda ake bai wa ɗan wasan jami'a da aka zaɓa gwarzon shekara. Alabama ba ta taɓa samunta ba sai a hannun Saban. Ko Paul Bryant, wanda ya horar a can daga 1958 zuwa 1982 ya ci kofi shida shi ma, bai fitar mata da mai ita ba. A zamanin Saban mutum huɗu suka karɓa: Mark Ingram a 2009, Derrick Henry a 2015, DeVonta Smith a 2020, sai Bryce Young a 2021.

Magoya bayan Henry suna da abin faɗi. A 2015 an miƙa masa ƙwallo sau 395, ya ruga yadi 2,219, ya ci sau 28. A karawarsu da Auburn kawai ya ɗauke ta sau 46, kowa ya san gare shi za a ba, amma aka rasa mai tsayar da shi. Na Smith kuwa hujjarsu ta fi nauyi a wurinmu. Yana ɗan shekarar farko ya cafe ƙwallon da Tua Tagovailoa ya jefa a ƙarin lokaci, aka doke Jojiya 26 da 23 a Janairun 2018. Bayan shekara uku, a wasan ƙarshe da Jami'ar Jihar Ohayo, ya cafe sau 12, yadi 215, ya ci uku, duk kafin a tafi hutun rabin lokaci. Siririn mutum ne, ka ce iska za ta ɗauke shi.

Amma fa, ya shugaba, akwai sharaɗi guda da muke roƙon alƙalai su riƙe: abin da mutum ya yi yana ɗalibi shi ake aunawa. Jalen Hurts ya zama gwarzon wasan ƙarshe na ƙwararru a Fabrairun 2025, alhali a wancan dare na 2018 shi aka zaunar a benci aka sa Tagovailoa. Ɗaukakar bayan barin makaranta ta wani zaure ce.

Sa'an nan ita kanta Heisman ma'auni ce mai ido ɗaya, wanda ya riƙe ƙwallo take gani. Will Anderson ya kayar da masu jefa ƙwallo sau 17 da rabi a 2021 (rabin nan shi ne wanda aka haɗu biyu a kansa), amma na biyar ya zo a ƙuri'a.

To, mu wanda muka tsayar shi ne Barrett Jones, kuma mun san da yawa a zauren nan yau suka fara jin sunansa. Aikinsa a sahun gaba yake, cikin ƙattin nan biyar da suke tokare abokan karawa don su buɗe wa mai gudu hanya, su kuma kāre mai jifa. Ba a rubuta musu yadi, ba a rubuta musu ci. A 2009 yana tsaye dama da tsakiya, ta bayansa Ingram ya bi ya kai ga Heisman. A 2011 aka mayar da shi ƙarshen hagu, wurin da yake tsare bayan mai jifa, inda shi ba ya gani, ya karɓi kyautar Outland ta gwanin sahun gaba na ƙasar. A 2012 aka sake ɗauke shi aka kai tsakiya, inda shi ne mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, shi ne kuma mai karanta tsayuwar abokan karawa ya gaya wa sauran huɗun wanda kowa zai tare, ya karɓi kyautar Rimington ta wannan gurbi. Gurbi uku, kofi uku. Wanda ya taɓa gwada cin tuwo da hagu bayan ya saba da dama, ya san abin da sauya gefe yake yi wa ƙafa da kafaɗa. A wasan ƙarshe na Janairun 2013, da aka lallasa Notre Dame 42 da 14, da yagaggun jijiyoyi a ƙafa ya buga, sai bayan wasan aka yi masa aiki.

Kuma tun da a zauren ɗalibai muke, bari mu ƙara da wannan: Jones ilimin akanta ya karanta, ya gama da sakamako mafi girma, kuma a 2012 aka ba shi kyautar Campbell, wadda ake bai wa ɗan wasan da ya haɗa fili da aji. Za a ce mana ai bai yi nisa a wasan ƙwararru ba, a zagaye na huɗu ƙungiyar Rams ta ɗauke shi a 2013, bai kuma daɗe ba. Gaskiya ne, mun kuwa riga mun shimfiɗa sharaɗinmu.

Smith muka sa na biyu, Henry na uku. Abokan muhawararmu da suka zo da sunan Henry, muna jiran su faɗa mana sunayen mutum biyar ɗin da suka buɗe masa hanya sau 395.