Gwajin tayirod a Suleja: kafin a biya kuɗin jini

A Suleja duk kasala zazzaɓin cizon sauro ce ko taifod. Mace ta yi wata da watanni tana jin sanyi ana tsakar zafi, jiki na ƙiba, fata na bushewa, al'ada ta rikice, sai ta tsaya kemis a sake ba ta magani. Alhali wani lokaci tayirod ne, ɗan ƙululun nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, ya rage aiki.

Gwajin farko shi ne na sinadarin TSH a jini. Idan ya hau, sinadarin T4 na tayirod kuma ya sauka, matsalar ta fito fili. Masu gudun layin Babban Asibitin Suleja kan nufi ɗakunan gwaji masu zaman kansu, kuma ba laifi, muddin wurin na da rajistar MLSCN, hukumar da ke kula da ɗakunan gwaji. Mai shan bayotin don gyaran gashi ta faɗa musu, domin yana iya karkatar da sakamako.

Inda ake tafka kuskure shi ne a karɓi takardar sakamako a wuce sayen maganin levothyroxine. Likita ne ke tsara adadin, a Suleja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, sannan a maimaita gwajin bayan mako 6 zuwa 8.