Kallon Halitta da Lafiyar Ɗan Adam



Makasudin wannan lacca shi ne mu duba wata tambaya: shin abin da idon mutum yake kallo yau da kullum yana taɓa lafiyarsa? Magabatanmu sun amsa ta a aikace, domin da wuya a sami tsohon gari a ƙasar Hausa wanda ba shi da ɗurumi ko tsamiya a ƙofar fada ko a bakin kasuwa. Masanan zamani kuwa sun amsa ta da awo da lissafi.

A 1984 wani masani Ba'amurke, Roger Ulrich, ya buga binciken da ya yi a kan takardun wani asibiti a jihar Pennsylvania. Ya kwatanta marasa lafiya 46 waɗanda aka yi wa tiyatar maɗaciya. Rabinsu tagar ɗakinsu tana duban itatuwa, rabi kuma tana duban bangon bulo. Masu duban itatuwa sun yi kwana 7.96 a ƙiyasi kafin a sallame su, masu duban bango kuwa kwana 8.70, kuma na farkon ba su bukaci maganin zogi mai ƙarfi kamar na biyun ba. Adadin mutanen kaɗan ne, amma binciken ya buɗe ƙofa. A 2019 aka buga wani binciken a kan mutane kusan 20,000 a Ingila, aka ga waɗanda suke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa ko a bakin ruwa sun fi sauran bayyana ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali.

To, mene ne dalili? Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan sun yi bayani a 1989 cewa hankalin da ake tilasta wa karatu ko lissafin ofis yana gajiya, kamar yadda damtse yake gajiya da huɗa. Motsin ganye da gudun ruwa da tashin tsuntsaye kuwa suna jan hankali ba tare da tilas ba, sai ya sami sarari ya huta. Wannan ba ya maye gurbin likita da magani. Taimako ne, kuma kyauta ne.

Jama'a, mu dawo gida. Jega tana zaune a gefen Gulbin Zamfara, Aliero ta yi suna da albasa har a ƙasashen maƙwabta, ƙasar Maiyama kuma ƙasar manoma ce. Manomin wannan yanki ya san isowar shamuwa alama ce ta damina. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saboda haka yake barinsa a tsakiyar gona, gero ya sami rana da taki, dabbobi su sami abinci da inuwa. Wannan ilmi daga dogon kallo ya samo asali. Kallo yana haifar da sani, sani ya haifar da ƙauna, wanda kuma yake ƙaunar itace ba ya saurin ɗora masa gatari.

A nan ne haɗarin yake. Kebbi tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da hamada take yi wa barazana, waɗanda aka sa cikin shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ana saran itace domin girki da gawayi, garuruwa suna cinye gonaki. A lokaci guda, ɗalibin da yake kwana yana duban allon waya yakan kasa bambance kaɗanya da ɗorawa. Idan aka sare su, da ƙyar zai lura, balle ya yi magana.

'Yan'uwa, a cikinku akwai ɗaliban jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, akwai kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi. Gobe ku ne za ku zana asibitoci da ajujuwa, ku ne za ku sa hannu a takardun kwangila. Idan taswirar gini ta zo gabanku, ku tambayi abin da tagar majinyaci za ta duba. Idan za a share fili, ku nemi a bar tsofaffin itatuwa, domin kuka ɗaya takan girmi kakanninmu. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta ɗauki nauyin dashe da ban ruwa har dashen ya wuce ranin farko, tun da a nan ne yawancinsa yake mutuwa.

Daga ƙarshe, ina roƙon kowa ya ware sa'a biyu a mako ya fita fadama ko bakin gulbi, ya koyi sunayen itatuwa biyar daga bakin dattijo, ya koya wa ƙanensa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.